Sai Glenna Ta Ɗanɗana

Alhamis, 9 ga Janairu, da safe

Na buga wasan wannan makon a takarda, na ajiye a gefenta na tebur, na ɗora biro a kai, na kunna tukunyar kofi. Sai da ƙamshi ya cika kicin na tuna babu mai zama a kujerar. Hannu ne ya saba, bai shawarce ni ba.

Kaisa ce ta matsa in riƙa rubutu. Wai tunda na ƙi buɗe baki in yi magana da 'yar cikina, to in yi da takarda. Har ta ce in fara da faɗin ko ni wane ne, kamar na manta. To, ni ne Toivo Rautio, tsohon direban bas a nan Thunder Bay. Tun da na ajiye tuƙi nake haɗa wasan cike gurbi: raga ta fararen gidaje da baƙaƙe, kalmomi a kwance da a tsaye suna ratsa juna, kowace kalma da tambayarta. Nawa marasa jigo ne. Ba na tara sunayen furanni ko na sarakuna in ce na yi dabara. Kalmomi masu daɗi kawai nake zubawa su riƙe juna, sannan in rubuta musu tambayoyin da za su sa mutum ya ciji yatsa. Ba na aika wa jarida, ba na son a gyara mini. Duk Asabar ina sakawa a shafina na intanet kyauta, wasu tsirarun masu taurin kai irina su sauke.

Doka ɗaya gare ni. Wasa ba ya hawa shafi sai matata Glenna ta ɗanɗana shi ranar Alhamis. Da biro take cikewa, don a wurinta fensir na matsorata ne. In ta gama kafin kofinta ya huce, ya yi sauƙi. In sai da ta ƙara na biyu, ya yi daidai. Sannan ta ɗauki jan biro, na makarantar da ta koyar da tarihi, ta bi gefen takardar tana zagina. A ƙasan kowane wasa nakan rubuta: Glenna ta ɗanɗana.

Tun kafin Kirsimeti tana wancan gidan jinyar na tsallaken gada.

Asabar, 11 ga Janairu, da hantsi

Ban saka komai ba. Wannan ce Asabar ta huɗu ko ta biyar, na daina lissafi. Bertrand na Moncton, wanda shi ma yake haɗa wasa kuma bai taɓa barin nawa ya wuce ba tare da ya tsokane ni ba, ya rubuto yana tambaya ko ƙanƙara ce ta binne ni. Ban amsa ba.

Litinin, da rana

Na kwashe ƙanƙarar ƙofar gida. Ta sake zuba.

Talata, 14 ga Janairu, da yamma

A sana'armu ba a saka sunan ciwo a raga. Mutum yana karyawa da safe, bai kamata ka sa ya rubuta abin da ya kashe uwarsa ba. Kalmar da likita ya faɗa mana kuwa kyakkyawa ce ga mai haɗa wasa, haruffanta masu sauƙin ratsawa, za ta zauna daram a layin ƙasa. Na kama kaina ina auna ta tun muna ofishinsa, na ji kunyar kaina. Ba za ta shiga ragata ba, nan ma ba za ta shiga ba.

Kaisa ta kira daga Winnipeg. Ta yi magana da matar da ke koya wa Glenna magana, wai wasan kalmomi zai taimaka, in kai mata ɗaya. Sai ta ce, "Amma mai sauƙi, Baba. Ka san halinka. Kada ka kai mata abin da zai sa ta kuka."

Na ce uwarta ba ta taɓa kuka a kan takarda ba, sai dai takarda ta yi kuka. Ba ta yi dariya ba.

Laraba, da hantsi

Wahalar wasa ba a kalmomin take ba, a tambayar take. A ragar da ke kan tebur akwai hasumiyar fitila. Tambayar da na rubuta mata tun farko ita ce: "Gidan da aka gina don masu zuwa su nisance shi." Kwana biyu na yi ina alfahari da ita. Yau na goge, na sa: "Dogon gini mai fitila a bakin tafki." Haka na bi sauran ɗaya bayan ɗaya ina cire musu haƙora. Kafin azahar na gama. Ban taɓa sanin sauƙaƙawa ba ta da wuya haka ba.

Na ci miyar wake daga tukunya a tsaye. Har yanzu ina kewaye wurin nan na gaban firji inda ta faɗi, duk da na goge shi tun tuni.

Alhamis, 16 ga Janairu, da la'asar

Na kai mata. Ɗakinta yana kallon wurin ajiye motoci. Sun zaunar da ita a kujera mai taya, sun taje mata gashi ta gefen da ba ta so. Hannun dama yana kan cinyarta kamar na aro. Marisol, mai jinyar da ke kula da ita, ta sa mata fensir a hagu, ta karɓa.

Ta daɗe. Haruffan suna fita daga gidajensu suna shiga na maƙwabta. Amma ta gama, babu gurbi ko ɗaya. Marisol ta tafa, ta kira wata ma ta zo ta gani. Ni ma na tafa. Glenna ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana, na ɗauka gajiya ce.

A bas ɗin dawowa na ji daɗi, gaskiya. Direban yaro ne sabon hannu, yana taka birki kamar yana kashe kyankyaso, amma na ƙyale shi.

Asabar, 18 ga Janairu, da safe

Na tsaya a gaban kwamfuta da wasa biyu, mai haƙora da wanda na kai mata. In na saka mai haƙora na rubuta ta ɗanɗana, na yi ƙarya da sunanta. In na cire layin, kowa zai tambaya. Sai na saka mai sauƙin, na rubuta layin a ƙasa, tunda shi ne ta cike da hannunta.

Da yamma

Bertrand ya yi sharhi. Wai barka da dawowa, amma ya gama kafin burodinsa ya gasu, ko tsufa ne ya sa na fara tausayin mutane. Wata mata daga Oregon ta ce ta ba surukarta mai koyo. Na rubuta wa Bertrand amsa mai zafi, na karanta, na goge.

Lahadi

Na hura ɗakin wankan tururi na zauna ni kaɗai. Ba wanda zai ce ruwan da nake watsa wa duwatsun masu zafi ya isa haka.

Talata, 21 ga Janairu, da rana

Sabuwar raga. Ba ni da kalmar da nake marmarin farawa da ita, sai na bar kwamfuta ta cike mini rabi. Da can in na yi haka Glenna takan gane, ta rubuta a gefe cewa wannan kusurwar ba ta da uwa ba ta da uba.

Rediyo yana ta magana a kicin tun safe. Ban san me suke cewa ba, amma in na kashe, agogon bango ya fi su surutu.

Alhamis, 23 ga Janairu, da la'asar

Ta fi wancan makon sauri. Matar da ke koya mata magana ta ce wannan ci gaba ne, ƙananan nasarori su ake so. Na ajiye jan biron kusa da hannunta, ba ta ko kalle shi ba. Ta turo mini takardar, gefenta fari fat. Ta haɗa bakinta a hankali, yadda take yi yanzu kafin kalma ta fito, ta ce, "Na gode."

Tun da nake ba ta wasa ba ta taɓa gode mini ba. Ta kira ni azzalumi, ta kira ni malalaci, ta taɓa rubuta cewa a kai ni kotu. Godiyar nan ta bi ni har gida. Ina ta ce wa kaina gajiya ce.

Asabar, 25 ga Janairu, da hantsi

Na saka. Da layin.

Bertrand bai tsokane ni a shafi ba wannan karon, saƙo ya aiko mini ni kaɗai. Ya ce ba ya son shiga abin da ba nasa ba, amma in ina buƙatar mai ɗanɗano na ɗan lokaci, yana nan. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ban amsa ba.

Sauran kuwa ba su da wannan kara. Wani ya rubuta cewa bai yarda Glenna ta ga wannan ba, don Glennar da suka sani da ta jefo mini shi ta taga.

Lahadi, 26 ga Janairu, da yamma

Kaisa ta zo ta kwana ɗaya. Ta wanke labule, ta zubar da abin da ke cikin firji, ta soya fanke irin na kakarta, sirara, amma ta ƙona gefen. Gidan ya yi motsi na yini guda. Da zan raka ta tasha take gaya mini, da murnarta, cewa ta bar wa Mama ƙaramar kwamfutar hannu, har ta buɗe mata shafina don ta ga sunanta.

Na ce da sharhin mutane? Ta ce ai duk a wuri ɗaya suke. Na ɗauki jakarta na yi gaba, kada ta ga fuskata.

Talata

Na je. Tana barci, ko ta rufe ido.

Alhamis, 30 ga Janairu, da la'asar

Na ajiye mata na uku. Ta karanta tambaya biyu, ta kifa takardar, ta ɗora hannun hagu a kai. Marisol ta ga yanayin ta fita.

"Rautio," in ji ta. Da sunan gidanmu take kirana in na yi laifi, kamar yadda take yi wa ɗalibanta.

Na ce na'am, Malama.

Ta daɗe tana neman kalmar, na ga tana zuwa tana komawa. Na buɗe baki zan taya ta, ta harare ni na rufe. Daga ƙarshe ta ce, "Hasumiya. Ta gaskiya."

Na gane abin da take nufi. Na faɗa mata tambayar farko, gidan da aka gina don masu zuwa su nisance shi. Rabin bakinta da ke motsi ya ɗan ɗaga, sannan ya sauka. Ta buga yatsa a kan takardar da ta kifa.

"Wannan. Wa ka rubuta wa?"

Na ce ke.

"A'a," in ji ta. "Wata ce. Ban san ta ba."

Na fara bayani, Kaisa ta ce, likita ya ce, mai koya magana ta ce. Ta juya kujerarta da ƙafa ɗaya har ta ba ni baya. Na zauna ina kallon ƙeyarta da gashin da aka taje ba daidai ba, har aka zo da abincin yamma.

Juma'a

Ban fita ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu, da hantsi

Babu wasa. Ba ta ɗanɗana ba.

Na yi fushi da ita yau, bari in faɗa tunda takarda ce. Me take so in yi? Na ga yadda take kokawa da sunan cokali. In na kai mata wasa na gaske ba za ta gama ba, na sani, kowa ya sani. Yanzu tana zargin ni na rage mata. In ta zauna da mai haƙora ta kasa, babu sauran wanda za ta zarga, za ta ga girman abin da ya tafi da idonta, kuma ni ne na miƙa mata. Wannan nake tsoro. Ina tsoron ta ajiye biro ta ce ta gama har abada, in dawo gidan nan in ci gaba da haɗa wasa don mutanen Oregon.

Lahadi, da yamma

Na gaya wa Kaisa a waya cewa ina tunanin kai wa uwarta wasa na gaske. Ta ce kada in kuskura, in bari Mama ta huce. Ta ce, "Baba, ba gasa ake ba, jinya ake." Na ce na ji. Tana da gaskiya, kuma ba ta san uwarta a ranar Alhamis ba.

Na je da rana. Ta bar ni na zauna. Mun kalli wasan ƙwallon ƙanƙara a talabijin, wanda ta tsana tun muna saurayi da budurwa.

Litinin, 3 ga Fabrairu, da safe

Na farka da kalma a bakina, karon farko tun Disamba. Sunan wani jirgin hatsi ne da muke kallo daga tudu shekarar da muka yi aure. Na shimfiɗa shi a tsakiyar raga, na kashe taimakon kwamfuta, na fara ginawa da hannu. Ban ce zan kai mata ba. Ginawa kawai nake yi.

Laraba, da la'asar

Kusurwar ƙasa ta dama ta ba ni wuya, sai da na cusa wani kogin ƙasar kakannina kafin ta rufe. Na rubuta tambayoyin yadda na saba, babu tausayi. Ta laima ce ta fi burge ni: "Rufin da ake ɗagawa bayan ruwa ya riga ya sauko." Na yi dariya ni kaɗai a kicin, na juya in ga ko ta ji.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, da yamma

Na tafi da filas na kofin gida, da kofinta mai tsagaggen hannu, da biro biyu, baƙi da ja. Na kwashe fensirin daga teburinta na sa a aljihu. Na ajiye mata takardar.

Ta karanta tambaya ta farko. Ta sake karantawa. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ɗauki baƙin biro.

Kofi na farko ya huce ba ta rubuta komai ba. Na zuba na biyu. Na ga ta tsaya a kan wata da na san ta sani, amsar tana bakinta, ta ƙi fitowa. Yatsana ya tafi da kansa zai nuna mata harafin da ya ratsa, ta make shi da biro. Daga nan na zauna a kan hannuwana kamar ɗan firamare. Marisol ta leƙo, ta ga takardar kusan fara, ta yi mini kallon da na cancanta.

Lokacin tashin baƙi ya yi tana da kalmomi 'yan kaɗan a kusurwar sama, ɗaya daga cikinsu ma kuskure ce, kuma da biro. Idonta ya yi ja. Na kai hannu zan ɗauki takardar, ta danne ta da gwiwar hannu. Na bar mata.

Ban san ko na kyauta ba. A bas na yi abin da Kaisa ta ce kada in sa uwarta ta yi.

Asabar, 8 ga Fabrairu, da safe

Na rubuta a shafi: wasan yana hannun mai ɗanɗano, zai fito ran da ta gama. Bertrand ne ya fara amsawa, ya ce suna jira, ba sauri. Na rubuta masa na gode. Ban ƙara komai ba, shi ma bai tambaya ba.

Litinin

Marisol ta ce da takardar take kwana, ta hana a ɗauke ko don a goge tebur. Ban tambayi nawa ta cike ba.

Talata, da rana

Ƙanƙara. Miyar wake. Rediyo.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, da yamma

Ban kai sabo ba, tunda na wancan makon bai dawo ba. Na tarar da ita a bakin taga, takardar ta yi laushi, akwai tabon shayi a gefe. Fiye da rabin ragar babu komai. Sunan jirgin yana nan a tsakiya, harafi bayan harafi, a karkace, amma daidai. Laima ba ta samu ba. Wataƙila ba za ta samu ba, wataƙila ragar nan ba za ta taɓa cika ba, na ga haka sarai kuma ita ma ta gani.

Sai ta juya takardar ta turo mini kusurwar ƙasa ta dama. Ta kewaye gida ɗaya da ja, ta ja dogon layi mai rawa zuwa gefe. A can, da haruffa manya kamar na mai koyon rubutu, ta sa: ZALUNCI. GYARA.

Na duba. Kogin nan nawa ya ratsa sunan wani tsohon mai tsaron raga na ƙwallon ƙanƙara da aka manta da shi tun kafin a haifi Kaisa. Suna biyu da ba kowa ya sani ba sun haɗu a harafi ɗaya, wanda bai san su ba babu yadda zai yi ya cike gidan sai da canka. A wurinmu babu abin kunya kamar wannan, kuma na yi kwanaki ina kallon kusurwar ban gani ba.

Duk da haka na yi gardama, don haka aka saba. Na ce Malama, ko ɗan makaranta ya san kogin nan.

Ta haɗa bakinta. Na jira, ban taya ta ba.

"Makarantar kakanka," in ji ta.

Na ce in na taɓa gidan nan kusurwar gaba ɗaya za ta rushe, aikin mako guda ne. Ta ɗaga kafaɗa ɗaya. Ta janye takardar ta mayar ƙarƙashin gwiwar hannunta, ta nuna mini ƙofa da jan biro. Sai da na sa hula na kai bakin ƙofa ta ƙara kalma ɗaya, ba ta ko ɗago ba.

"Malalaci."

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na yau ba. Gidan yana nan yadda na bar shi, shiru, kujerarta babu kowa. Ban kunna rediyo ba.

Juma'a, da safe

Na rushe kusurwar. Gaskiyarta ce.